Ranar da Na Kai Metir Bakin Gada

Jikata tana da ɗan babur irin na mata, wanda ba a sa masa giya, da shi take zuwa makarantar koyon jinya. Kwanakin baya, idan ta tashe shi da safe, sai ya yi wani siririn kuka kafin ya kama hanya, kamar an taka wutsiyar kwikwiyo. Ita ba ta ji, uwarta ma ba ta ji. Ni da kunnena ɗaya ya riga ya mutu, ni ne nake ajiye kofin shayi in bi ta da kallo har ta sha kwana. Na ce mata bel ne, robar nan da ke jan inji, ta kai a duba. Ta kai wa yaran bakin titi, suka kwance murfi, suka cire tsohon suka wurgar, suka sa sabo. Ba wanda ya tambaye ta yaushe yake kukan, ba wanda ya juya tsohon ya ga ta wane gefe ya cinye. Ban ga laifinsu ba. Garin ne ya cika da ƙara har ba a iya tsince murya ɗaya daga cikin sauran. 'Yan kilando, masu haya da babur, sun rufe kowane titi daga Gardole har gadar Ngeli, janareto na ruri a ƙofar kowane shago, kowa da waya manne a kunne. Wa zai tsaya sauraren roba?

A zamanin samartakarmu Njamena gari ne da ake jin abu tun daga nesa. Ladan yana kiran salla da muryarsa kawai, kuma ta isa. Da hantsi kana jin luguden mata daga gida zuwa gida, da kiran masu tallar nono, da masu ruwa suna kaɗa garwa. Motoci kaɗan ne. Abin hawan mai ɗan hali shi ne mobilet, ƙaramin babur mai feda kamar keke, wanda sai ka ɗora shi a kan ƙafarsa ka yi ta tuƙa fedar kafin injin ya kama. Kowane gida an san kukan nasa. Inna tana tsakar gida za ta ji kukan nawa ta ce ga shi nan tafe, a ɗora ruwan wanka, alhali ban ma shigo layinmu ba. Mu mahauta ne tun kakanni. Aikina shi ne in fita bayan sallar asuba zuwa mayanka a Farsha, in ɗaure nama a bayan mobilet cikin jiƙaƙƙen buhu, in iso teburin Baba a kasuwa kafin rana ta yi zafi ƙuda su tashi. Saboda haka rayuwar gidanmu a kan wata 'yar roba take rataye, wadda ke ɗaukar ƙarfin inji ta miƙa wa sarƙa. Mu a gida bel muke ce mata, kamar 'yan uwanmu na Najeriya. Makanikan gari kuwa da sunanta na Faransanci suke kiranta, wanda a kunnen Bahaushe yake fita kamar an ce kurwa. Inna ba ta son a faɗi kalmar a gidanta.

Wanda ke duba mana mobilet ɗin shi ne Metir. Haka kowa ke kiransa, yaro da babba, wato maigidan sana'a da Faransanci. Mutumin kudu ne, Kirista, dogo, da zane a fuska irin na mutanensu. Shagon da ke manne da zaurenmu a unguwar Gardole yake haya tun ban fara gemu ba, yana aikinsa a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Shi da Baba da Larabcin gari suke hira, amma ya tsinci Hausar gaisuwa da ta zagi a bakin yaran kasuwa, yana kuma ji da su. Da Babbar Salla kasonsa yana cikin na maƙwabta na fari. Ranar bikinsu kuwa Baba yake kira ya yanka masa akuya, don kowa a layin ya iya ci. Ni yana kirana wiledi, wato ɗana.

Metir ba ya taɓa sifana sai ya saurara. Zai sa ka tashi injin, ya tsuguna, ya karkatar da kai, ya yi maka tambayoyi kamar mai magani. Idan bel yana kuka da sanyin safe ya yi shiru da ya ɗumama, ya ce ya fara bushewa ne, amma da sauran kwana a gabansa. Idan sai ka ɗora kaya ko ka fuskanci hawa yake ihu, to gefunansa sun goge sun yi santsi kamar madubi, ko kuwa mai ya ɗiga masa, sai ka ji inji na ruri hanya ba ta ciwuwa. Idan yana fat-fat kamar ana kakkaɓe tabarma, ya tsage ta ciki, ko zare ya fara fita. Idan kuwa ta gefe ɗaya ya cinye, ba laifinsa ba ne, robobin da ke riƙe da injin ne suka saki har ya karkace, kuma ko sabo ka sa haka za a cinye shi. Yakan shafa yatsa a cikin murfi ya nuna maka baƙin garin roba, ya sa ka shinshina. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne sabulu. Samari idan za su je zance sukan goga wa bel sabulu don ya yi shiru a ƙofar gidan surukai. Duk wanda ya kama da wannan sai ya zage shi da yare uku. Yakan ce sabulu yana toshe masa baki ne kawai, ciwon yana nan, kuma ranar da kake neman ƙarfinsa ranar zai zame maka.

Ba zan iya cewa ga ranar da garin ya fara juyawa ba. A hankali abin ya zo. Da farko kaya suka daina tsallakowa daga Kuseri, garin da ke ƙetaren kogi, har bel ya zama abin da ake nema shago shago ba a samu. Nawa tun bayan damina yake kuka, Metir yana ta lallaɓa shi. Daga nan Fulani suka rage kawo shanu, mayanka ta yi shiru, ungulaye suna zaune a kan katanga suna kallonmu muna kallonsu. Rediyo ya koma sa kiɗa daga safe har yamma ba labari. Motocin masu bindiga suka fara wucewa ba lamba, ba wanda ya san na wa ne su. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wata tambaya da ban taɓa ji ba sai a lokacin: mutum ya saya nama a hannunka shekara da shekaru, yau sai a tambaye ka shi ɗan ina ne. Mutanen kudu suka fara ɗaure katifu suna bin hanyar Shagwa, inda gada take tsallaka kogin Shari ta nufi yankinsu. Metir ya tura matarsa da 'ya'yansa tun da wuri. Shi ya ce ba zai tafi ba, kayan mutane suna hannunsa.

Sai masu kayan suka fara zuwa suna karɓa. Wannan shi ne abin da har yau na kasa mantawa. Mutum zai zo ba sallama sosai, ya tura mobilet ɗinsa ba a gama gyara ba, ya tafi bai ɗago kai ba. Wani na gani da idona ya kwashe injinsa a warwatse cikin buhun gero. Dattawan da suka shekara suna shan shayi a gindin dalbejiyar nan suka koma bin ɗaya gefen titi. Cikin 'yan kwanaki inuwar ta zama fili, ba komai sai tabon baƙin mai a ƙasa, da Metir zaune a kan bencinsa yana goge sifanun da babu abin da za su kwance. Da aka fara harbe-harbe a cikin gari, Baba ya shigo da shi ɗakin da muke ajiye fatu da gishiri, ya hana kowa ambaton sunansa ko a tsakar gida. Muna nan a haka sai wata mai kawo mana nono ta ja Inna gefe, ta gaya mata cewa wasu samari da ba 'yan unguwa ba sun tsaya a bakin rijiya suna tambayar mai shagon nan, da inda yake kwana.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya kira ni zaure ya ce gobe, idan rana ta take, lokacin da zafi ke kwantar da kowa har masu bindiga, zan ɗauki Metir in kai shi bakin gada. Shi da kansa zai kai shi da ya iya tuƙi. Inna tana bayan ƙofa tana ji. Da na fito ta riƙe hannun rigata ta daɗe ba ta saki ba.

Da safe muka shigo da mobilet ɗin tsakar gida. Metir ya fito daga ɗakin fatu, idonsa ya faɗa, yana warin gishiri. Ya cire bel ɗin ya lanƙwasa shi a gaban idona, tsagun ciki suka buɗe baki ɗaya bayan ɗaya. Gefunan suna ƙyalli, wani wuri zare ya leƙo. Ya daɗe yana juya shi.

"Wiledi, wannan ya gama aikinsa," in ji shi. "Mutum ɗaya zai iya ɗauka. Mu biyu, sai dai mu roƙe shi."

Ya zauna ya goge gefunan da samfefa har ƙyallin ya dushe, ya wanke fuli biyun, wato fayafayan da bel ɗin ke zagayawa a kansu, da fetur, ya cusa guntun taya a bayan sifirin don injin ya ƙara ja. Ya ce yanzu zai kama, amma ba zai yi shiru ba, kuma a garin da ko kaza ba ta kuka, za a ji mu tun daga nesa. Sai ya juya wajen Inna ya roƙe ta guntun sabulun wanki. Na dube shi. Shi ma ya san abin da nake tunani, ya kawar da kai ya sa sabulun a aljihu. Baba ya fito da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa, mai tabon jini a gaba, da farin rawaninsa na Juma'a, wanda mutanen nan ke kira kadamul. Da hannunsa ya naɗa masa, ya rufe zanen fuskar, ya bar ido kawai. Ya ce idan an tambaya, ƙanensa ne, kurma ne, za mu duba wata saniya a Shagwa. Suka yi musabaha a zaure. Ba wanda ya ce sai wata rana.

Ban taɓa ganin garin nan haka ba, kuma ina roƙon Allah kada jikokina su gani. Rana tsaka, titi fayau, ƙofofi a garƙame. Takalmi ɗaya a tsakiyar hanya. Wata mota ta ƙone ta zauna a kan ƙarafunta. Wani wari yana tasowa daga lunguna, wanda ni ɗan mahauci na san ba na dabba ba ne. Cikin wannan shirun bel ɗinmu yake tsala ihu duk lokacin da na ƙara wuta, ihun yana bugun katangu yana dawo mana. Ina ganin labule yana motsi a tagogi. Metir yana bayana, hannuwansa a kan cikina, yana matsa ni da yatsa idan yana so in sassauta, don an ce kurma ne, kuma mun fara kiyayewa tun daga ƙofar gida.

Da muka shiga Sabangali ya matse ni da ƙarfi, na tsaya a bayan wata katanga. Can gaba, a inuwar wata bishiya, ga mota a tsaye, ga ƙafafun mutane a miƙe, bindigogi jingine da taya. Metir ya sauka, ya fito da sabulun, ya tsuguna ya goga a gefen bel yana juya fuli da hannu. Bai dube ni ba. Muka hau, na ba shi wuta kaɗan kaɗan. Shiru, sai ɗan gurnanin inji kamar na ƙudan zuma. Muka wuce su ta ɗaya gefen titin, ɗayansu ya ɗaga kai, ya ga mahauci da tsohonsa, ya mayar da kai ƙasa.

Abin da Metir ya sha faɗa wa samari kuwa bai fasa zuwa ba. Muna barin kwalta muka shiga yashi, bel ya fara zamewa. Inji na ruri kamar zai fashe, mu kuma muna rarrafe. Na tashi tsaye a kan feda ina taimaka masa, gumi na shiga mini ido, warin ƙonanniyar roba na tasowa tsakanin ƙafafuna. Haka muka yi ta ja har muka hango hawan da ke kaiwa gada. A gindin hawan an gitta itace a kan ganguna, kuma wannan karon masu bindigar ba barci suke ba.

Wani saurayi ya taso, ba zai girme ni ba, siriri, bindigar ta yi masa nauyi. Ya tambaye ni da Larabci inda za mu, na faɗa masa abin da Baba ya ce. Ya yi wa Metir magana, Metir bai motsa ba. Sai ya zagaya, ya tsuguna a gefen mobilet ɗin inda hayaƙi ke tashi, ya shafa bel da yatsa ya kai hanci.

"Sabulu," ya ce.

Daga nan idonsa ya hau kan hannuwan da ke riƙe da cikina. Baba ya rufe fuska, ya rufe jiki, amma ba wanda ya tuna da hannu. Hannun mahauci fari ne tas saboda ruwa da kitse. Waɗannan kuwa baƙin mai ya zauna a cikin kowace tsaga da ƙarƙashin kowane farce, irin wanda ba ya fita ko an shekara ana wanki. Saurayin ya daɗe yana kallonsu. Ina jin bugun zuciyar Metir a tsakiyar bayana.

"Akwai wani a Gardole da ya taɓa zagina a kan sabulu," in ji shi a hankali, kamar da kansa yake magana. "Har uwata ya haɗa."

Daga cikin inuwa wata murya mai kauri ta tambaya su wane ne. Saurayin bai juya ba.

"Mahauta ne," ya amsa da ƙarfi. "Babur ɗinsu ya mutu." Ya ɗage itacen, ya ce mini ƙasa-ƙasa idan zan koma kada in biyo ta nan.

Tura mobilet ɗin muka yi har saman hawan. Bakin gadar cike yake da mutane, mata da goyo, tsofaffi a kan amalanke, kowa ya nufi ƙetare, amma ba hayaniya, sai ƙarar takalma. A can ɗaya bakin ana hango wasu masu bindigar, na ɓangaren su Metir. A nan ne na gane abin da shi ya riga ya gane tun a zaure: rigar da rawanin da suka tsare shi a wannan gefe, su ne za su iya jawo masa harsashi a wancan. Na faɗa masa. Ya ce ya sani, zai cire idan ya kai tsakiya, inda na nan ba za su damu da shi ba, na can kuma za su iya ganin fuskarsa. Sannan ya sunkuya ya taɓa bel ɗin, ya janye hannu saboda zafi. Ya ce ba zai kai ni gida ba. Idan ya tsinke kada in tsaya, in murɗa ɗan maɓallin da ke jikin babban fuli, in tuƙa shi kamar keke, in bi bakin kogi.

"Gai da maƙwabcina," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. Ya shiga cikin mutane.

Tsawonsa ya sa ina iya bin farin rawanin a saman kawuna. Na ga ya kai wajen tsakiya. Na ga hannunsa ya tashi ya fara warware shi. A daidai lokacin aka buɗe wuta daga wani wuri a bakin ruwa, ban san wa ake harbi ba, ban san wa ke harbin ba. Mutane suka ruɗe, wasu suka kwanta, wasu suka ruga gaba, wata babbar mota ta shiga tsakanina da wurin. Da ta wuce na duba, na sake dubawa. Babu fari, babu dogon mutum, sai kawuna suna gudu.

Bel ɗin ya tsinke kafin in bar Shagwa, ya faɗi a yashi yana hayaƙi. Na yi yadda ya ce. Ana kiran la'asar na shigo layinmu ina tuƙa feda, ba ƙara, har Inna ba ta san na iso ba sai da ta gan ni. Baba yana zaune a zaure inda na bar shi. Ya tambaye ni ko ya haye. Na faɗa masa duk abin da na gani, da inda ganina ya tsaya. Ya ci gaba da jan carbi.

"Ka gan shi ya faɗi?"

Na ce a'a.

"To ya haye."

Ba da daɗewa ba mu ma muka tsallaka Kuseri a kwalekwale, muka zauna a bukkar zana har garin ya lafa. Da muka dawo an sare dalbejiyar an yi girki da ita. Na yi shekaru ina tare direbobin da ke zuwa daga Mundu da Sar, garuruwan kudu, ina kwatanta musu shi, dogo, mai zane, mai zagi da Hausa. Wani ya ce kamar ya san shi, wani ya ce irinsu da yawa. Ba wanda ya kawo mini abin da zan riƙe. A gidanmu dai ba a taɓa faɗar wani abu ba sai abin da Baba ya faɗa. Inna ta sha ce masa ya sayi wani rawanin, dattijo kamarsa bai kamata ya shiga sahun gaba kai ba naɗi ba. Yakan ce yana da rawani, yana wurin Metir, zai kawo. Har ya koma ga Allah da hula kawai yake zuwa Juma'a.